Samum: Sharhi a kan Ma'ana da Asalin Sunan Iskar Zafi ta Hamada

1.0 Gabatarwa

Daga cikin sunayen iska da suka fita daga Larabci suka shiga harsunan duniya akwai samum, wato iskar nan mai tsananin zafi da bushewa wadda ke tasowa a yankin Larabawa da Iraƙi da Sham da kuma hamadar Sahara. Galibin ƙamusoshin Turai da littattafan labarin ƙasa sun haɗu a kan bayani guda game da wannan suna. Suna cewa ya fito ne daga kalmar Larabci samm, wadda ke nufin guba, don haka ma'anarsa ita ce iska mai guba. Wannan bayani ya yi ta yawo daga littafi zuwa littafi har ya zama tamkar ba ya bukatar hujja.

Manufar wannan maƙala ita ce a sake auna wannan bayani. Za a dubi saiwar kalmar da ƙirarta, da abin da malaman lugga da na tafsiri suka faɗa a kanta, sannan a bi sawunta zuwa cikin rubuce-rubucen matafiyan Turai. Daga ƙarshe za a dubi abin da wannan ke nufi ga mai fassara da mai koyarwa da Hausa. Abin da maƙalar ke son tabbatarwa shi ne, sunan samum yana siffanta aikin da iskar ke yi wa jikin mutum ne, kuma ɗaukar fassarar "guba" a zahirinta ya haifar da kuskuren fahimta wanda ya daɗe.

2.0 Iskar da Ake Magana a Kanta

Kafin a shiga batun suna ya kamata a san mai sunan. Samum takan taso ne a lokacin zafi, sa'ad da rana ta gasa rairayi da duwatsun hamada. Ba ta cika daɗewa tana kaɗawa ba, kuma sau da yawa tana tafe da ƙura da yashi. Littattafan ilmin yanayi suna kawo cewa zafinta kan wuce digiri 54 a ma'aunin Salshiyos, laimar da ke cikinta kuma takan yi ƙasa da kashi 10 cikin ɗari.

Illar da take yi wa mutum tana da bayani a fili. Zafin jikin ɗan Adam yana tsayawa ne a wajen digiri 37, kuma jiki na sanyaya kansa ta hanyar gumi. Idan iskar da ke bugun mutum ta fi jikinsa zafi nesa, to maimakon ta ɗebe masa zafi sai ta ƙara masa. Gumin da ya fito yakan bushe nan take, ruwan jiki ya yi ta raguwa, har zafin ya fi ƙarfin abin da jiki zai iya fitarwa. Daga nan sai jiri da suma, wani lokaci har da mutuwa. Duk wannan aikin zafi ne da ƙishirwa. Babu wani sinadari mai kisa a cikin iskar kanta.

3.0 Saiwa da Ƙirar Kalma

Kalmar samum ta ginu ne a kan baƙaƙe uku: sin da mim da mim. Daga wannan saiwa Larabci ya fitar da kalmomi waɗanda za a iya kasa su gida biyu. Gida na farko ya shafi guba: samm, guba ko dafi, samma, ya sa guba, masmum, wanda aka sa wa guba. Gida na biyu ya shafi kafa ko huda: samm, ƙaramar kafa irin ta allura, kamar yadda kalmar ta zo a aya ta 40 ta Suratul A'araf; da masamm, wato ƙananan kafofin fata waɗanda gumi ke fita ta cikinsu. Bayanin da ya yaɗu a littattafan Turai ya riƙe gida na farko kaɗai, ya yi shiru a kan na biyu.

Akwai kuma batun wasali. Sunan iskar yana da fataha a kan sin, wato samum, da dogon wasali a gaɓa ta biyu. Kalmar tamata ce, kuma jam'inta shi ne sama'im. Idan aka sa rufu'a a kan sin aka ce sumum, to an koma jam'in samm, wato gubobi. A rubutun da ba a yi wa wasali ba kalmomin biyu siffarsu ɗaya ce, abin da ke sauƙaƙa wa mai gaggawa ya gwama su.

Ta fuskar sarfu, samum tana kan awon fa'ul, wanda ɗaliban Larabci suka sani a kalmomi irin su sabur da shakur da gafur. Wannan awo yana nuna mai yawan aikata abu ko mai tsananta shi. Abin lura shi ne, Larabawa sun zuba sunayen iska da dama a kan wannan awo: janub, iskar kudu, dabur, iskar yamma, ƙabul, iskar gabas, harur, iskar zafi, habub, iska mai ƙarfin kaɗawa. Ke nan samum ɗaya ce daga cikin wani rukuni, kuma ƙirarta ta mai aikatawa ce. Tana faɗin abin da iskar ke yi da ƙarfi.

Idan aka kwatanta ta da sauran sunayen iskar hamada, matsayinta zai ƙara fitowa. Wasu an raɗa musu suna ne daga nahiyar da suke fitowa, kamar shamal ta Iraƙi da Tekun Fasha, da sharƙi ta Maroko, da ƙibli ta Libiya, inda kalmar ke nufin kudu. Wata kuma daga lissafin kwanaki aka samo sunanta, wato khamsin ta Masar, wadda ke zuwa tsakanin Maris da Mayu, a cikin wani zango na kimanin kwana 50. Habub ta Sudan daga aikatau habba ta fito, wato kaɗawa. Harur ta ɗauko sunanta daga zafi kai tsaye. Ita kuwa samum, an dubi abin da jiki ke ji ne aka sa mata suna.

4.0 Bayanin Malaman Lugga

Malaman lugga na farko sun kawo bayani iri biyu a kan dalilin wannan suna. Na farko shi ne na Ibn Faris, wanda ya rasu a shekara ta 395 Hijira (1004), a cikin ƙamusunsa Maƙayis al-Luga. Tsarin wannan ƙamus shi ne mayar da kalmomin kowace saiwa zuwa ga ma'ana ta asali. A wurinsa asalin sin da mim shi ne mashiga a cikin abu, kamar huda. Ya bayyana cewa an kira guba samm saboda tana kutsawa cikin jiki, haka kuma an kira iskar zafi samum saboda ita ma tana shiga jiki da ƙarfi. A bisa wannan fahimta, guba da iskar 'yan'uwan juna ne, kowace ta samo sunanta daga ratsawa, babu wadda ta haifi wata.

Bayani na biyu shi ne na Ragib al-Isfahani, malamin ƙarni na 5 na Hijira, a cikin littafinsa al-Mufradat, wanda ya keɓe wa kalmomin Alƙur'ani. Shi ma ya fara da ma'anar ƙaramar kafa, amma da ya zo kan samum sai ya fassara ta da iskar zafi wadda tasirinta ya yi kama da tasirin guba. A nan an ambaci guba, sai dai an ambace ta ne a matsayin abin kamantawa.

Akwai kuma wani bambanci da ƙamusoshi irin su Lisan al-Arab na Ibn Manzur (ya rasu 711 Hijira, 1311) suka ruwaito daga Abu Ubaida, malamin Basra. Ya ce samum ta rana ce ko da yake takan zo da dare, harur kuwa ta dare ce ko da yake takan zo da rana. Wannan ya nuna cewa a wurin masu harshen kalmomin biyu sunaye ne na abu iri ɗaya, wato iskar zafi, kuma lokaci ne ya raba su. Da a ce sun ɗauki ɗaya tana ɗauke da dafi ɗaya ba ta ɗauke da shi, da wannan ne bambancin da za su fara kawowa.

Ba za a bar bayanin Ibn Faris ba tare da an auna shi ba. Nazarin kwatanta harsunan Semitik ya nuna cewa kalmar samm mai nufin guba tana da dangi a wasu harsuna. A Akadiyanci, tsohon harshen Iraƙi, shammu na nufin tsiro ko magani. A Aramiyanci samma na nufin magani ko guba, a Ibrananci kuma sam na nufin magani ko kayan ƙamshi. Babu ma'anar huda a cikin waɗannan. Saboda haka wasu masana suna ganin samm ta guba tsohuwar kalmar aro ce, wadda ta zo ta tarar da samm ta huda a Larabci suka yi kama da juna. In haka ne, haɗa su da Ibn Faris ya yi hikimar malami ce da ta zo daga baya. Wannan suka yana da nauyi, kuma yana ƙarfafa masu cewa daga guba aka ciro sunan iskar. Sai dai bai canza sakamakon ba. Ko an bi Ibn Faris ko an bi Ragib, abin da sunan ke faɗi shi ne yadda iskar ke kama jiki: tana ratsa shi, ko tana kayar da shi kamar yadda guba ke yi.

5.0 Kalmar a Alƙur'ani da Tafsiri

Samum ta zo a wurare uku a Alƙur'ani, dukkansu a surorin Makka. A aya ta 27 ta Suratul Hijr an danganta ta da wutar da aka halicci aljani daga gare ta. A aya ta 27 ta Suratut Ɗur an danganta ta da azabar da aka tsare 'yan Aljanna daga gare ta. A aya ta 42 ta Suratul Waƙi'a an gwama ta da tafasasshen ruwa a cikin siffanta makomar mutanen hagu. A duk wuraren uku abokan tafiyarta wuta ne da zafi.

Masu tafsiri sun fi karkata ga ma'anar ratsawa. Zamakhshari, wanda ya rasu a 538 Hijira (1144), ya bayyana ta a cikin al-Kashshaf da zafi mai tsanani wanda ke shiga ta kafofin fata. Tafsirin Jalalaini, wanda shi ne aka fi karantawa a zaurukan malamai da masallatan ƙasar Hausa a watan azumi, ya bi wannan hanya a duk wuraren uku. Wannan yana da muhimmanci domin littafin na mutum biyu ne. Suratul Hijr tana cikin kason Jalaluddin Suyuɗi (ya rasu 911 Hijira, 1505), Ɗur da Waƙi'a kuwa suna cikin kason malaminsa Jalaluddin Mahalli (ya rasu 864 Hijira, 1459). Dukkansu biyu sun koma ga masamm wajen bayanin kalmar. Haka nan Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya rasu a 1992, ya ɗauki ɓangaren zafi ne a tarjamarsa ta Hausa, bai shigo da guba ba. Ashe ke nan ɗalibin da ya zauna gaban malamin tafsiri ya riga ya ji rabin bayanin da ƙamusoshin Turai suka bari.

6.0 Sunan a Hannun Matafiyan Turai

Turawa sun san wannan suna ne ta hanyar labaran matafiya. Carsten Niebuhr, wanda ya yi tafiya a ƙasashen Larabawa cikin ayarin da Sarkin Denmak ya tura a 1761, ya kawo sunan da labarin da ya ji game da iskar a littafinsa na 1772. Amma wanda ya fi yaɗa shi a Ingilishi shi ne James Bruce, mutumin Sikotilan, wanda ya ratsa hamadar Nuba a ƙarshen 1772 a kan hanyarsa ta dawowa daga Habasha, ya kuma buga labarin tafiyarsa a 1790. Bruce ya siffanta iskar da wani hazo mai launin shuni-shuni wanda ya taso musu, ya ce shi da abokan tafiyarsa sun kifa fuskokinsu a ƙasa har ya wuce, kuma ɗan abin da ya shaƙa ya bar masa ciwon ƙirji na tsawon lokaci. Mai karanta wannan zai fahimci cewa wani tururi ne mai dafi wanda shaƙarsa ke kisa.

Daga nan kalmar ta zauna a Ingilishi da siffar simoom ko simoon, a Faransanci kuma simoun. Wata siffa, samiel, ta biyo ta Turkanci, inda aka haɗa sam da yel, wato iska. Marubutan adabi suka ɗauke ta ta zama alamar halaka. Byron ya yi amfani da ita a waƙarsa The Giaour ta 1813, marubucin Suwidin August Strindberg kuma ya sa wa wani gajeren wasan kwaikwayonsa suna Samum, wanda ya gina a Aljeriya.

Gyaran wannan fahimta ya zo da wuri, sai dai bai yi tashe kamar kuskuren ba. Johann Ludwig Burckhardt, mutumin Suwizalan, ya ratsa hamadar Nuba a 1814, aka buga littafinsa a 1819 bayan rasuwarsa a Alƙahira. Ya gamu da iskar da kansa, ya kuma bincika wurin makiyayan hamada. Ya bayyana cewa labaran dafinta an zuzuta su, kuma bai ga wanda ya kifa fuska a ƙasa kamar yadda Bruce ya faɗa ba. A ganinsa babban haɗarinta ga ayari shi ne tana busar da maƙogwaro, tana kuma shanye ruwan da ke cikin salka. Bayaninsa ya dace da abin da ilmin yanayi ya tabbatar daga baya, ya kuma dace da abin da malaman lugga suka rubuta ƙarnoni kafin zuwansa. Abin da ya faru shi ne, baƙon da ya tambayi ma'anar suna aka ce masa guba, sai ya ɗauki kamance a matsayin rahoto, ya shiga neman gubar a cikin iska.

7.0 Abin da Ya Shafi Hausa

Sunan samum bai zauna a Hausar yau da kullum ba, domin ba a bukace shi ba. Iskar hamada da Bahaushe ya fi sani ita ce ta hunturu, wadda ke zuwa da bushewa da hazo da sanyi, zafin bazara kuma yana da nasa kalmomin. Amma saiwar ta shigo ta wata ƙofa. Masu nazarin kalmomin aro suna mayar da sammu ga samm ta Larabci, kuma Hausa ta gina mata aikatau, ana cewa an sammace wane. A nan ma'anar ta gusa daga guba zuwa cutarwa ta asiri, wadda ake yi wa mutum daga nesa ko a ɓoye. Gurbin guba kuwa kalmomin gida ne suka riƙe shi: guba ga abin da aka ci ko aka sha, dafi ga na maciji da kunama da kibiya.

Wannan ya sa mai fassara samum zuwa Hausa yake fuskantar tarko uku. Na farko shi ne "iska mai guba". A Hausar rediyo da jarida wannan furuci ya riga ya zama sunan hayaƙi ko gas mai kisa, irin wanda ya fito daga tafkin Nyos na Kamaru a watan Agusta 1986 ya halaka mutane fiye da 1,700. Ɗalibin da aka koya wa cewa samum iska ce mai guba zai ɗauke ta a wannan ma'ana, wato zai maimaita kuskuren Bruce. Na biyu shi ne kamar da ke tsakanin samum da sammu, wadda ke iya sa mai sauraro ya jingina iskar ga asiri. Abin da ke ƙara wa wannan ƙarfi shi ne, iska a Hausa tana nufin aljani, ga shi kuma ayar Suratul Hijr ta haɗa samum da halittar aljani. Wannan dacewa ce tsakanin harsuna biyu, kuma ba ta isa hujjar gina ma'ana ba. Na uku shi ne "guguwa", wadda ke nuna juyawa da tashin ƙura amma ba ta ɗauke da zafi, alhali zafi shi ne ginshiƙin kalmar.

Abin da ya fi dacewa a littattafan labarin ƙasa shi ne a ari sunan yadda yake, a rubuta samum daga Larabci kai tsaye, ba sai an biyo ta siffar da Ingilishi ya ba shi ba. Sannan a bayyana shi da iskar zafi mai ratsa jiki. Hausa tana da kalmar huci, wadda ake faɗa wa abin da ke bugun fuskar mutum idan ya kusanci wuta, kuma tana iya taimakawa wajen kusanto da ma'anar ga ɗalibi. Idan ana son ambaton guba, sai a ambace ta a matsayin kamance, kamar yadda Ragib ya yi.

8.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta dubi sunan samum ta fuskar saiwa da ƙira da amfani. An ga cewa saiwar sin da mim da mim tana ɗauke da ma'anar guba da ta ƙaramar kafa, kuma awon fa'ul ya sanya kalmar cikin rukunin sunayen iska masu nuna aiki. An ga cewa malaman lugga sun kawo bayani biyu, na ratsawa da na kamantawa da guba, kuma masu tafsiri sun fi riƙo da na farko. An kuma ga yadda matafiyan ƙarni na 18 suka mayar da kamance ya zama labarin gaske, da yadda Burckhardt ya gyara shi.

Fassarar "iska mai guba" tana da tushe a Larabci, amma ta ɗauki reshe ɗaya ta bar ɗaya, kuma a Hausa tana kai mai karatu ga wata ma'ana dabam. Darasin da ke ciki ya shafi duk mai aikin ƙirƙirar kalmomin fannu: kalmar da asalinta Larabci ne, gara a koma ga ƙamusoshin Larabci da littattafan da ke hannun malaman gida kafin a karɓi bayanin da ya biyo ta wani harshe na uku.